Kwandon Edita a Cikin Cibiyar Linux

Duk wanda ya karanci aikin jarida a jami'a ya san zanen nan da ake yi wa ɗalibi tun a shekararsa ta farko: akwatin mai aika saƙo, akwatin mai karɓa, layi a tsakaninsu, sannan wata kibiya da ke sukar layin daga ƙasa, an rubuta mata "hayaniya". Zanen na Claude Shannon ne, masanin lissafi a ɗakin binciken kamfanin tarho na Bell a Amurka, wanda ya fito da shi a 1948. Abin da yake nufi da hayaniya a fili yake: baƙon abu ne da ya shigo hanya ya gurɓata saƙo, kamar shuuu ɗin da ke taso wa mai sauraron gajeren zango. Maganinta a raba ta da saƙon, tun da ita ba saƙo ba ce.

Aiki a ɗakin labarai ya nuna mini wata hayaniyar da zanen bai yi wa kibiya ba. Ita ce wadda kowane ɓangarenta gaskiya ne. Kwamishina ya buɗe taro, gaskiya ne. Ƙungiya ta taya shugabanta murna, gaskiya ne. Sanarwa tamanin za su shigo kafin la'asar, babu ƙarya ko ɗaya a cikinsu, amma labarin da ya kamata jama'a su ji yana binne a ƙarƙashinsu. Ban taɓa ganin wannan matsala tsirara ba, babu siyasa babu son kai a jikinta, sai da na fara karanta yadda injiniyoyi suke leƙa cikin cibiyar uwar manhajar kwamfuta. A can ma tambayar ɗaya ce: idan komai gaskiya ne kuma ba za a iya ajiye komai ba, wa zai zubar, a ina, kuma wa zai san an zubar?

Kowace kwamfuta, har da wayar da ke hannunka, tana da uwar manhaja da sauran manhajoji suke zaune a kanta. A tsakiyarta akwai ɓangaren da Turawa suka ba sunan ƙwayar da ke cikin ɓawo. Ni zan kira shi cibiya. Manhajar banki ba ta taɓa faifan ajiya da hannunta, ba ta aika saƙo ta intanet da kanta. Roƙon cibiya take yi: buɗe mini fayil, karanta mini wannan, aika mini wancan. Cibiya ce ma'aji, ita ce sarkin ƙofa, ita ce kuma mai tsara layi, wadda ke cewa wannan aiki ya hau furosesa yanzu, wancan ya dakata. Wadda ta fi yaɗuwa ita ce Linux, da Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991 yana ɗalibi a Helsinki. Ita ce a ƙarƙashin kowace wayar Android, ita ce kuma ke riƙe da akasarin manyan kwamfutocin da intanet ke gudana a kansu.

Ranar da ka tura kuɗi saƙon ya maƙale yana ta juyawa, a wani ɗaki mai sanyi akwai wanda ake tsaye a kansa ana tambayarsa ina lokacin ya tafi. Wani lokaci amsar tana cikin manhajar, wani lokaci tana ƙasa da ita: faifai ya yi jinkiri, ko ayyuka biyu suna rububin makulli ɗaya, ko wani aiki yana layi ba a kira shi ba. Domin ganin wannan ake bin sawun cibiya, wato a dasa alamu a wuraren da take wucewa, duk sa'ad da ta wuce a rubuta layi guda: ƙarfe kaza, furosesa kaza, aiki kaza ya yi abu kaza. Kowane layi aukuwa ɗaya ke nan. A Linux, kayan aikin da aka fi sani su ne ftrace na Steven Rostedt, wanda ya shiga cibiyar a 2008, da perf da ya biyo baya a 2009, sai eBPF da ya zo daga 2014.

Matsalar ita ce cibiya ba ta hutawa. Agogon cikinta kaɗai yana bugawa sau 250 ko sau 1,000 a daƙiƙa, gwargwadon yadda aka gina ta, a kan kowace furosesa mai aiki. Ga sauyin aiki daga wannan zuwa wancan, ga kowane ƙunshin saƙo da ya shigo ta waya, ga rabon ƙwaƙwalwar ajiya da karɓe ta. Ayyukan cikinta da ftrace ke iya sa wa alama sun kai dubu gommai, wasu ana kiran su sau miliyoyi a daƙiƙa. Mu yi lissafin 'yan firamare. A ce aukuwa miliyan ɗaya ce a daƙiƙa, kowace tana cin bayit 100: megabayit 100 ke nan a daƙiƙa, gigabayit 360 a sa'a. A ce rubuta kowace yana cin kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa: ka sadaukar da furosesa guda sukutum ga aikin magatakarda. Idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai.

Wurin da ake zuba waɗannan layuka ba shi da girma. Ka tuna baƙin allon aji: malam yana rubutu daga sama zuwa ƙasa, in allo ya cika sai ya koma sama ya goge ya ci gaba, ɗalibai kuma suna kwafa. Muddin hannun ɗalibi ya kai na malam sauri, babu asara. In ya gaza, abin da aka goge ya tafi. Haka ma'ajiyar take, kowace furosesa da allonta, kuma na ftrace bai cika megabayit ɗaya da rabi ba in ba ka ƙara masa ba. Da lissafinmu na sama, zai cika kafin ka ƙifta ido. Daga nan sai zaɓi biyu, duka masu zafi. A ɗabi'arsa ta asali ftrace yana goge mafi tsufa ya rubuta sabo. Shi kuwa perf, in allo ya cika, sabon ne yake ƙin karɓa har ɗalibi ya kamo. Ko wanne aka bi, ba muhimmanci ne ya yi zaɓen ba, lokacin isowa ne.

Akwai abin da ya fi asarar layuka muni, wato kallon kansa yana sauya abin da ake kallo. Ɗan jarida ya san wannan: kafa kyamara a gaban taron mutum goma, kafin ka ɗaura ta a kan ƙafafunta sun zama hamsin, kowa ya gyara hula. Tsohon kayan aikin nan strace, wanda ke nuna roƙe-roƙen da manhaja ke yi wa cibiya, yana tsayar da manhajar cak sau biyu a kowane roƙo, da shigarta da fitarta, don ya duba. A 2014 Brendan Gregg, injiniya ɗan Ostiraliya da ya yi suna a wannan fage, ya gwada shi a kan wani aiki da ya zaɓa da gangan saboda yawan roƙonsa, sai aikin ya ninka jinkiri sau 442. Wannan shi ne mafi munin hali, amma darasin ya fito: wanda ya zo neman dalilin jinkiri yana iya zama shi ne jinkirin. Kurakuran da ke faruwa saboda ayyuka biyu sun yi karo a daidai wani ɗan lokaci sukan ɓace ma gaba ɗaya da zarar an kunna bin sawu, domin an sauya musu taki, su dawo da zarar an kashe.

Wani tarkon har dariya yake ba ni. Injiniya ya shiga wata kwamfuta daga nesa ta intanet, ya ce a nuna masa duk saƙon da take aikawa. Layin farko ya fito. Amma don ya iso allonsa sai an aiko shi ta intanet, wannan aikowar kuwa aukuwa ce, ita ma sai a rubuta ta, a aiko, a rubuta. Kamar lasifikar da aka kusanta da makirufo ne, ƙara tana haifar ƙara. Shi ya sa abu na farko da ƙwararre ke cirewa daga kallo shi ne kansa.

A 1950 wani malamin aikin jarida, David Manning White, ya buga binciken da har yau ake karantar da shi. Ya sami editan da ke tace labaran kamfanonin dillancin labarai a wata jaridar safe ta tsakiyar Amurka, ya ɓoye sunansa, ya roƙe shi abu guda: na tsawon mako ɗaya a watan Fabrairun 1949, kada ya jefa abin da ya ƙi a kwando, ya tara shi, bayan an tashi aiki ya rubuta dalilin ƙin kowanne. Da aka auna, kusan kashi tara cikin goma na abin da ya shigo bai ga shafin jarida ba. Daga nan kalmar "mai tsaron ƙofa" ta zauna a karatunmu, ko da yake White ya aro ta ne daga masanin halayyar ɗan Adam Kurt Lewin. Mu a aji mun fi mai da hankali ga son zuciyar editan. Injiniyoyin cibiya sun fi damuwa da wata tambayar da mu ba mu cika yi ba: a ina ya kamata ƙofar ta kasance?

Amsarsu ita ce can kusa da tushe, kafin a kashe ko sisi wajen ɗauko abin. A ƙarshen 1992 Steven McCanne da Van Jacobson, a ɗakin bincike na Lawrence Berkeley da ke Kalifoniya, suka rubuta takardar da ta gabatar da BPF. Damuwarsu ita ce masu sa ido kan saƙonnin da ke yawo a waya: bai kamata a kwaso kowane ƙunshi daga cibiya a kai wa mai kallo, sannan ya zubar da mafi yawansu ba. Sai suka ce mai kallo ya rubuta ɗan ƙaramin umarni na abin da yake so, a miƙa shi cikin cibiya, a can a yi tankaɗen, tsaba kawai ta fito. Manomi ya riga su sani: a masussuka ake shiƙa, ba a biyan kuɗin mota a kai ƙaiƙayi birni. Bayan shekara ashirin da 'yan kai Alexei Starovoitov da Daniel Borkmann suka faɗaɗa wannan dabara ta zama eBPF, inda ake iya maƙala irin wannan ɗan umarni a kusan kowace alama ta cibiya. Kafin a bar shi ya shiga, wani mai tantancewa yana bin sa layi-layi ya tabbatar zai ƙare, kuma ba zai taɓa inda ba a ba shi izini ba.

Shi ma ftrace yana da nasa matakan. Wuraren alamunsa, in ba a kunna su ba, an cike su da umarnin da ma'anarsa "kada ka yi komai", don haka kusan ba su cin lokaci. Kana iya kunna guda biyar cikin dubu gommai ka bar saura suna barci. Kana iya ba da jerin waɗanda ba ka so ko da an kunna 'yan uwansu. Kana iya cewa aikin manhaja kaza kaɗai, ko abin da ya wuce tsawon lokaci kaza kaɗai. Kowane mataki da aka matsar da ƙofar kusa da tushe, sauƙin yana ƙaruwa. Alamar da ba a kunna ba ta fi arha, sai wadda aka kunna aka tace nan take, sai wadda aka rubuta aka fitar aka zubar a waje, wadda ita ce almubazzaranci.

Dabarar da ta fi burge ni ba tankaɗe ba ce, taƙaitawa ce, kuma a nan dole a ambaci DTrace. Bryan Cantrill da Mike Shapiro da Adam Leventhal ne suka gina shi a kamfanin Sun Microsystems, ya fito tare da Solaris 10 a 2005, kuma manufarsu tun farko ita ce kayan aikin da za a iya kunnawa a kan kwamfutar da jama'a ke amfani da ita a lokacin, ba ta ɗakin gwaji ba. Sun lura cewa sau da yawa mai tambaya ba layukan yake so ba, adadinsu yake so. To me zai sa a rubuta su? A ce kana son sanin tsawon lokacin da faifai ke ɗauka kafin ya amsa. Sa'ad da roƙo ya tafi, a riƙe lokacin. Sa'ad da amsa ta dawo, a cire, a ga ta ɗauki kaza, a ƙara ɗaya a kwanon da ya dace, a manta da ita. Kwanukan kuwa ninki-ninki ne: daga 1 zuwa 2, daga 2 zuwa 4, daga 4 zuwa 8, haka har sama. Ko aukuwa miliyan goma ce, abin da zai fito daga cibiya jadawali ne mai layi ashirin ko talatin. A Linux yau ƙaramin kayan aikin nan biolatency haka yake yi da eBPF, kuma tun 2016 ftrace ma ya sami irin wannan jadawali ta hannun Tom Zanussi.

Me ya sa kwanuka, ba matsakaici ba? Domin matsakaici maƙaryaci ne mai ladabi. A ce roƙo 999 kowanne ya ɗauki kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, guda ɗaya ya ɗauki daƙiƙa 2 cur. Matsakaicinsu kashi uku ne cikin dubu, adadin da za a nuna wa shugaba ya gyaɗa kai. Amma in roƙo dubu ke shigowa a daƙiƙa, to a kowace daƙiƙa akwai mutum guda da ke kallon wayarsa tana juyawa. Jadawalin kwanuka zai nuna tsauni a hagu da wani ɗan tudu can nesa a dama, kuma ɗan tudun nan shi ne labarin. Mu ma da muke rubuta "matsakaicin kuɗin shigar ɗan ƙasa" mun san irin mutanen da wannan jimla take haɗiyewa.

Akwai wani gajeren bidiyo na ƙarshen 2008 da ma'abota wannan sana'a ke so. Cantrill ne riƙe da kyamara, Gregg kuma ya sunkuya gaban jerin faifan ajiya a ɗakin kwamfutoci ya kwarma musu ihu. A kan allo, inda kayan auna da aka gina kan DTrace ke zana jinkirin faifan, nan take sai ga tsiri ya tashi. Girgizar muryarsa ce ta kaɗa allurar da ke karatu a kan faifan, sai da ta sake daidaita kanta. Abin wasa ne, amma ana ganin sa ne kawai saboda ma'aunin yana duban kowane roƙo ba tare da ya nutsar da mai kallo ba, kuma bai narkar da 'yan tsirarun da suka yi jinkiri a cikin matsakaici ba.

Hanya ta uku ita ce ɗanɗano. Mai sayen hatsi a Dawanau ba ya zazzage buhu. Yana soka ƙarfen nan mai tsini da rami, ya zaro 'yan ƙwayoyi ya duba a tafin hannu. Haka perf yake yi in an ce ya gano abin da ke cinye ƙarfin furosesa: maimakon rubuta kowane motsi, sai ya riƙa leƙowa a kan kari yana tambaya, yanzu me kike yi? Kyawun wannan shi ne kai ke yanke farashin tun farko. Leƙe 99 a daƙiƙa, a kan furosesa 16, na daƙiƙa 30, samfuri 47,520 ne, ko kwamfutar tana barci ko tana tafasa. Kuma 99 ɗin ba kuskuren rubutu ba ne. Ayyuka da yawa a cikin kwamfuta suna tashi ne a kan zagayayyen kari, sau 100 a daƙiƙa ko sau 10. In leƙenka ya dace da karinsu, kullum abu ɗaya za ka riƙa tararwa, kamar baƙon da ba ya zuwa ƙauye sai ranar kasuwa, ya koma yana ba da labarin garin da ba ya rabo da cinkoso. Cire ɗaya daga ɗari yana sa leƙen ya riƙa zamewa yana faɗawa wurare dabam-dabam. Iyakar ɗanɗano a bayyane take: yana gaya maka abin da ya yi yawa, ba ya kama abin da ya faru sau ɗaya. Tsakuwa guda a buhu, ƙarfen zai iya kuskure ta sau ɗari.

Ta huɗun ita ce wadda na fi raina wa wayo, ko da yake na san amfaninta: ƙayyade baki. Wasu saƙonnin gargaɗi na cibiyar Linux an ɗaure su da dokar guda 10 a cikin daƙiƙa 5. Abin da ya haura a danne, daga baya a rubuta cewa an danne kaza. Tana hana matsala ɗaya ta cika kundin da kuka iri ɗaya, amma ƙa'idarta ita ce wanda ya riga magana shi ke da gaskiya. Duk wanda ya taɓa gabatar da shirin kiran waya a rediyo ya san mutum goman farko da layinsu ya shiga ba su ne garin ba.

Yanzu ga inda nake ganin haɗarin yake, kuma ya shafi dukan hanyoyin. Kafin ka tace, sai ka san abin da kake nema. Wato sai kana da zato. In zatonka faifai ne, za ka rufe komai ka bar faifai, kuma faifai zai nuna maka wani abu, domin babu na'urar da za a zuba wa ido ba a ga aibinta ba. Sai ka rubuta rahoto, a sayi sababbin faifai, jinkiri ya ci gaba. Mafi ban haushi, aukuwar da aka fi saurin kira hayaniya, wato mai yawan maimaituwa, a wasu lokutan ita ce mai laifin. Makullin da ake ɗauka a saki sau miliyan a daƙiƙa, kowane ɗauka ba komai ba ne, amma yawa shi kan sa zare ya ja dutse. Wanda ya cire shi daga kallo don ya sami sarari, ya cire amsar da hannunsa. A aikinmu ma labarin da ke zuwa kullum, yara sun bar makaranta, rijiya ta ƙafe, shi ne na farko da ke daina zama labari.

Injiniyoyin ba su warware wannan ba, amma sun sami hanyoyin jinkirta hukunci, kuma a ganina nan ne hikimarsu ta fi fitowa. Ɗaya ita ce a mai da raunin allon nan ya zama ƙarfi. A bar shi yana rubutu yana gogewa, kada kowa ya kwafa, sai a kafa sharaɗi: da zarar abu kaza ya faru, a tsayar da alli, ko a ɗauki hoton allon. Abin da ya rage a kai shi ne 'yan lokutan da suka gabaci matsalar, dalla-dalla, da hayaniyarsu da komai. Haka na'urar naɗar bayanan jirgin sama take aiki, kuma ftrace yana da wannan. Yana ma da masu bin sawun da ba su ajiye komai sai gwarzon jinkiri: duk sa'ad da aka sami wanda ya fi na baya tsawo, a ajiye tarihinsa a zubar da na tsohon.

Ɗayar kuwa ta DTrace ce, rubutu bisa sharaɗi. A ce cikin roƙon buɗe fayil dubu ɗari, guda uku ne ke faɗuwa, kuma kana son ganin hanyar da waɗannan ukun suka bi a cikin cibiya. Matsalar ita ce ba za ka san wanne zai faɗi ba sai ya kai ƙarshe, lokacin kuwa hanyar ta wuce. Sai DTrace ya ba kowane roƙo 'yar takardar wucin gadi, a riƙa rubuta sawunsa a kai. In ya ƙare lafiya a yayyaga takardar, in ya faɗi a shigar da ita kundi. Wakilin kotu haka yake yi: yana rubuta zaman duka a littafinsa, sai an yanke hukunci yake sanin wace jimla ce ta ranar Talata za ta hau shafin farko.

Saura batun lissafin abin da aka zubar. A nan kayan aikin suna da wata ɗabi'a da nake yi wa sana'ata sha'awarta. In allo ya cika aka yi asara, suna faɗa. Ftrace yana saka layi a daidai gurbin, cewa a furosesa kaza an rasa aukuwa kaza. DTrace yana faɗin adadin da ya zube. Perf yana gargaɗi a ƙarshen naɗi, kuma in cibiya ta ga leƙen nasa ya fara cin lokaci fiye da kima, da kanta take rage masa kari ta rubuta a kundinta cewa ta rage. Ban san jaridar da ke buga wa masu karatu cewa yau labari 300 ne suka shigo, 30 muka ɗauka ba.

Sai dai gaskiyar tasu tana da iyaka, kuma iyakar ce ta fi ba ni tunani. Abin da ya ɓace bisa haɗari ne ake ƙirgawa. Abin da kai ka ce a tace, yana tafiya shiru. Alamar da ba ka kunna ba kuwa ba ta ma san an wuce ta ba. Sakamakon da ya fito tsaf, babu gargaɗin asara ko ɗaya, yana iya zama wanda ya fi kowanne rashi, domin tun a ƙofa aka sallami shaidun. Saboda haka masu gogewa suke fara ƙirge kafin naɗi. Ƙirge yana da arha ƙwarai in aka kwatanta da rubutu: ka ce a gaya maka sau nawa kowace aukuwa ta faru a cikin daƙiƙa goma, ba tare da bayanin ko ɗaya ba. Jerin da zai fito yana yin aiki biyu. Yana nuna maka wadda in ka kunna ta za ta durƙusar da kwamfutar, kuma yana zama rasit na abin da kake shirin rufe ido a kansa. In daga baya bincike ya cije, kana da inda za ka koma ka ce, wannan da ta faru sau miliyan huɗu, me ya sa ma ta yi yawa haka?

White ma sai da ya roƙi a tara masa tarkacen kafin ya ga komai, domin shafin da aka buga ba ya ba da labarin kwando. Da ya zauna ya bi dalilan da editan ya rubuta a kan takardun, ya sami na son rai, ya sami na rashin armashin rubutu, ya sami na cewa an riga an ɗauki irinsa. Amma ya lura da wani abu game da agogo: gwargwadon yadda dare ke yi, gwargwadon yadda dalili ɗaya ke ƙara yawa a kan labaran da ke shigowa, har da waɗanda editan ya rubuta cewa da zai so ya yi amfani da su. Dalilin shi ne babu wuri. Shafukan sun riga sun cika da abin da ya iso da wuri.